Yadda Ake Mayar da Aikin Hannu Binciken Jami'a: Jagora ga Ɗalibin Zane da Ƙere-ƙere

Akwai wata gajeriyar tambaya da ke kashe bakin ɗalibin zane-zane ranar kare kundi: "To, me ka gano?" Yaro ya cika zaure da rinannun zannuwa, ko tukwane, ko allunan fenti, ya yi wata takwas bai samu barcin kirki ba, amma da mai jarrabawa ya jefo masa wannan tambaya sai ka ga ya hau sosa ƙeya. Na taɓa zama a irin wannan taro inda ɗalibin ya nuna bango da hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ga su nan." Malamai suka yi dariya, shi kuwa har zuciyarsa yake magana. A ganinsa aikin hannun ya isa amsa.

Yana da 'yar gaskiyarsa. Akwai ilimi a cikin zanen da ya rina, irin ilimin da hannu ya sani ko da baki bai iya faɗarsa ba. Sai dai jami'a tana ba da digiri ne a kan ilimin da wani zai iya bin sawunsa, ya ga inda ka taso, abin da ka gwada, abin da ya ƙi, da dalilin da ya sa ka tsaya inda ka tsaya. Wannan jagora ta ɗalibin da ke shirin aikin ƙarshe ce, a digirin farko ko na biyu ko a kwalejin ilimi, a fannin zane, rini da saƙa, ginin tukwane, sassaƙa, ko koyar da waɗannan a makaranta. Zan riƙe rini a matsayin misali tun daga farko har ƙarshe, amma mai tukwane da mai ɗinkin babbar riga za su ga nasu a ciki.

Mataki na farko: san irin binciken da za ka yi

A 1993 Christopher Frayling na kwalejin Royal College of Art da ke Landan ya raba binciken fasaha gida uku, kuma har yau rabon nasa yana da amfani. Na farko bincike ne a kan fasaha: kana tsaye a gefe kana nazarin tarihin rini, ko ma'anar aska takwas a ƙirjin riga, ba sai ka taɓa allura ba. Na biyu bincike ne ta hanyar fasaha: kai da kanka kake rinin, kana gwada kayan aiki, kana rubuta abin da ya faru, kuma sakamakon gwajin shi ne abin da ka gano. Na uku bincike ne domin fasaha, inda duk karatun da ka yi ya ƙare a cikin abin da ka ƙera. Shi kansa Frayling ya yarda na ukun nan ne mai ƙaya, domin da wuya a bambance shi da shirin da kowane mai zane ke yi kafin ya ɗauki buroshi.

Shawarata ga mai aikin ɗakin zane ita ce ya tsaya a na biyu, ya ɗan ɗebo daga na farko. Ka faɗa wa malamin da ke duba aikinka haka tun a makon farko, ku yi ittifaƙi a rubuce. Yawancin rigimar da ke tasowa ana saura wata guda a kare kundi daga nan take: malami yana jiran tarihi, ɗalibi yana can yana rini.

Mataki na biyu: ka matse take har ya zama tambaya

"Nazari a kan rini a ƙasar Hausa" take ne da ba zai ƙare ba ko ka ba shi shekara ashirin. Abin da kake bukata tambaya ce ƙarama, mai baki ɗaya. Ga misali: shin ruwan baba na gargajiya yana kama yadin auduga na kanti kamar yadda yake kama saƙin hannu, kuma tsomi nawa kowannensu ke bukata kafin ya kai baƙin shuɗi? Ko kuwa: za a iya ɗauko zanen bangon gidajen birnin Zariya a fitar da shi a jikin zane ta hanyar ƙulli da ɗinki, kuma me zanen ke rasawa idan ya bar bango?

Ka auna tambayarka da abu uku. Shin amsarta za ta iya zama "a'a"? Idan tun kafin ka fara ka san amsar "e" ce, wa'azi za ka yi. Shin kuɗin aljihunka da watannin da suka rage za su kai ta? Sannan shin akwai mai bukatar amsar, ko marini, ko malamin firamare, ko ɗalibin da zai zo bayanka? Ka kuma duba kalanda. Shanya tana wahala da damina, da azumi masu sana'a suna rage aiki, gab da salla kuwa ba wanda ke da lokacinka.

Mataki na uku: karanta waɗanda suka riga ka

Ɗalibai da yawa suna buɗe babi na biyu da cewa ba a taɓa bincike a kan wannan fanni ba. Kusan kullum ma'anar wannan ita ce ba su nema ba. Heinrich Barth ya iso Kano a 1851 ya yi bayani mai tsawo a kan cinikin rinannen tufafi. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, a kan rinin Kano na ƙarni na 19 ya yi digirinsa na uku. David Heathcote, da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi ɗinkin rigunan Hausa filla-filla. Friedrich Schwerdtfeger ya yi aiki a kan gidajen Zariya da zanen bangonsu. Waɗannan baƙi ne, akwai abin da suka gani da wanda ya kuɓuce masu, kuma gano abin da ya kuɓuce ɗin na iya zama gudummawarka.

Ka leƙa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, da Arewa House da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Kada ka raina tarin tsofaffin kundaye da ke ɗakin ajiyar sashenku, waɗanda ƙura ta rufe. A intanet ka yi amfani da rumbunan neman muƙalun ilimi irin su Google Scholar da AJOL, da JSTOR idan makarantarku tana da rajista. Tun ranar farko ka sauke Zotero, manhajar adana manazarta, kyauta ce, ka riƙa zuba duk abin da ka karanta a ciki tare da lambar shafi. Neman lambar shafi ana saura kwana uku a miƙa kundi azaba ce da ba ta da lada.

Ka koyi yin shakka cikin ladabi. Ana yawan cewa an kafa marinar Ƙofar Mata a 1498. Idan za ka kawo wannan shekara, ka faɗi inda ka samo ta, ka rubuta "ana danganta kafuwarta da", don mai karatu ya san ruwaya ce kake kawowa.

Bari in ɗan ratse, don akwai abin da ke damuna. Kowane ɗalibin zane a Najeriya ya san labarin ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya da aka kafa a 1958, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon zanen Turawa kaɗai ba, za su haɗa dabarun da ake koya masu da fasahar gida. Abin da ake mantawa shi ne wahalar da suka sha. Okeke ya koma ya yi nazarin uli, zanen jiki da na bango na matan Ibo, har layin alƙalaminsa ya sauya. A yau sai ɗalibi ya manna dagin Arewa a kusurwar allo ya ce ya haɗa gargajiya da zamani. Idan za ka ambaci waɗancan mutane a kundinka, ka kwaikwayi zaman da suka yi suna koyo.

Mataki na huɗu: ka je karofi, wato marina, ka zauna

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ha'inci. Ɗalibi ya je marina da rana ɗaya, ya ɗauki hoto talatin, ya raba takardar tambayoyi da Turanci ga mutanen da hannuwansu ke cikin baba, ya dawo ya rubuta babi guda.

Ka shiga ta ƙofa. Kowace sana'a tana da manya, magina suna da Sarkin Magina, maƙera suna da Sarkin Maƙera, marina ma suna da shugabansu. Ka nemi wanda zai gabatar da kai, ka je da goronka, ka gaisa yadda ya kamata, ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka: "Baba, ni ɗalibi ne, an ba ni aiki a makaranta, na zo ne in koya a wurinku in kun yarda." Kada ka yi alkawarin tallafin gwamnati ko na wata ƙungiya. Sun ga masu irin wannan alkawari da yawa, kuma suna tuna su.

Kwana biyu ko uku na farko ka bar kyamara a jaka. Ka sayi yadi ka ba da a rina maka, ka biya kuɗin aiki kamar kowa, ka zauna ka kalla. Za ka ga zane ya fito daga rami kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka. Za ka ga marini yana juya ruwa da muciya, yana duban kumfa, wani lokaci ya ce yau ramin nan ya gaji a bar shi ya huta. Ka rubuta kalmominsu yadda suka faɗa: baba, toka, katsi (lakar da ke kwantawa a ƙasan ramin rini), shuni, tsomi, bugu. Ka bi zanen har wurin mabuga ka ga yadda ake dukansa a kan gungume har ya yi ƙyalli. Idan da hali ka je Kura, garin da rawanin ɗan Kura ya samo sunansa, ka kwatanta.

Da ka fara tambaya, ka bar manyan tambayoyi irin su "mene ne tarihin rini". Za a ba ka amsar da ake ba 'yan yawon buɗe ido. Ka tambayi abin da ke gabanku. "Baba, yaya kake gane ruwan nan ya nuna?" "Ran da ya ƙi kamawa, me kake fara dubawa?" "Mene ne mahaifinka ke yi wanda kai ka daina?" Wani zai ce wari yake ji, wani ya ce launin kumfa, wani ya ce kawai ya sani. Wanda ya ce kawai ya sani, kada ka matsa masa. Ka roƙe shi ya nuna maka ramin da ya nuna da wanda bai nuna ba, ka kalli abin da idonsa ke kallo. Da yawa daga ilimin sana'a ta haka yake fitowa.

In za ka naɗi murya da waya ka nemi izini, ka sa ya faɗi yardarsa a farkon naɗin. Daren ranar ka kwafe hirar a takarda tun tana kunnenka, ka sa suna da wuri da kwanan wata. In ka bari ta kwana bakwai, rabin abin da ka gane a wurin ya tafi.

Sannan ka tuna akwai rabin aikin da ba a yi a bakin rami. Ƙulli da ɗinkin da ke fitar da ado a jikin zane, mata ne ke yin mafi yawansa a cikin gida. Ɗalibi namiji ba zai shiga ba, don haka ya nemi 'yar'uwa ko abokiyar karatu ta yi masa wannan ɓangare, ya kuma faɗi haka a kundin. Ɗaliba mace tana da damar da maza ba su da ita a nan, kuma na yi mamakin yadda 'yan kaɗan ne ke amfani da ita. Hoton fuska kuwa sai da yardar mai ita da ta gidanta. Hoton hannu da allura ya ishe ka.

Maganar suna tana da nauyi. Mun san Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana bayan naira 20. Mun san Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da Falke Barmu maginin masallacin Yama a Nijar, wanda ya ci lambar Aga Khan a 1986. Mun san su ne saboda wani ya rubuta sunansu. Dubban gwanaye sun shige cikin littattafai a matsayin "wani mai sana'a". Idan marinin ya yarda a ambace shi, ka sa sunansa cikin manazarta daidai da yadda ka sa na farfesa. In bai yarda ba ka ɓoye. In kuma ya ce wani haɗi asirin gidansu ne, ya nuna maka don amana, to ya tsaya a cikinka.

Mataki na biyar: littafin aiki da gwaje-gwaje

Ka sayi littafi mai kauri, mai bango mai ƙarfi, ka sa wa shafukansa lamba. Wannan littafi shi ne shaidarka. Duk ranar da ka shiga ɗakin aiki ka rubuta kwanan wata da abin da ka yi niyya, abin da ya faru, da abin da za ka sauya gobe. Layi uku ma sun isa in dai kullum ne. Donald Schön, a 1983, ya yi bayanin yadda gwani ke tunani a tsakiyar aiki, yana gyara hannu tun kafin ya iya faɗin dalili. Littafin nan tarko ne na kama wannan tunani kafin ya gudu.

Dokar gwaji ɗaya ce: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Mu ɗauki tambayarmu ta saƙi da yadin kanti. Ka yanka ƙyallaye masu girma ɗaya, a ce santimita 10 kowane gefe, goma na saƙi goma na yadi. Ka wanke su duka da sabulu iri ɗaya don fitar da sitaci. Ka ɗinka wa kowanne lamba da zare, domin biro zai ɓace a cikin baba. Ka tsoma su a rami ɗaya, rana ɗaya, minti iri ɗaya, ka bar su su sha iska na lokaci iri ɗaya. Na farko tsomi ɗaya, na biyu tsomi biyu, haka har goma. In ka sauya rami kuma ka sauya yadi, sannan launi ya bambanta, ba za ka san wanne ne sanadi ba.

Yana da kyau ka fahimci abin da ke faruwa a ramin, don mai jarrabawa zai tambaya. Shunin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa yadda yake. Toka ce ke ba ruwan kaifi, ƙwayoyin halitta da ke ruɓar da haɗin su kuma suna juya shunin ya koma mai narkewa, ya ratsa zare. Da an ɗaga zanen iska ta taɓa shi sai shunin ya koma yadda yake, ya maƙale a cikin zaren. Shi ya sa ake tsomawa a ɗaga, a tsoma a ɗaga, kuma shi ya sa rami ke "mutuwa" in an dame shi da yawa ko sanyi ya yi tsanani. Takardar gwajin pH, wato ma'aunin kaifin ruwa, ba ta da tsada a shagon kayan kimiyya. Ka auna ramin da marini ya ce ya nuna da wanda ya ce ya gaji, ka rubuta lambobin kusa da maganarsa. Inda ido da ma'auni suka dace, ka samu abin rubutawa. Inda suka saɓa, ka samu abin da ya fi.

Ka kuma san cewa tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, kuma yau masu rini da yawa suna amfani da shi, ko su gauraya. Ka tambaya a hankali, ba da sigar tuhuma ba, ka rubuta abin da aka gaya maka. In ka ce "baba zalla" a kundinka alhali akwai garin kanti a ramin, duk gwajinka ya rushe. In kuma za ka yi aiki da soda mai ƙuna a ɗakin makaranta, safar hannu da buɗe tagogi wajibi ne.

Bayan rini sai gwajin ƙarko. Ka raba kowane ƙyalle biyu, rabi ka wanke sau biyar ko goma, rabi ka ajiye. Don gwajin rana, ka rufe rabin ƙyalle da kwali ka shanya shi mako biyu, sannan ka buɗe ka kwatanta. Hoto kuwa ka riƙa ɗauka a wuri ɗaya, lokaci ɗaya na yini, da farar takarda a gefe, saboda kyamarar waya tana ƙara wa shuɗi armashi yadda ta ga dama.

Abin da ya lalace kada ka jefar. Ƙyallen da ya yi dabbare-dabbare, tukunyar da ta fashe a wuta, allon da fenti ya ɓare, ka manna ko ka ɗauki hotonsu ka rubuta dalilin da kake zato. Masu jarrabawa na kirki sun fi yarda da kundin da ke da gazawa a ciki, don sun san aikin da bai taɓa ƙin ci ba ko dai an yi sa'a ne ko an ɓoye wani abu.

Sai bayan waɗannan ne za ka shiga manyan ayyukan da za ka baje. Kowanne ya kasance ɗa ne ga wani gwaji, har ka iya cewa wannan zane na uku ya fito ne daga abin da na gani a shafi na 42.

Idan bincikenka na koyarwa ne

Wanda ke fannin koyar da zane, ajinsa shi ne ɗakin gwajinsa. A manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajar makarantun Najeriya, ta fitar akwai darasin al'adu da fasahar ƙirƙira a matakin ilimin farko, amma a makarantu da yawa ana koyar da shi ne da alli da baki, yara su haddace ma'anar launi ba su taɓa launi ba. Ɗalibai suna son cika gabatarwa da tarukan UNESCO kan koyar da fasaha, na Lisbon a 2006 da na Seoul a 2010 da na Abu Dhabi a 2024. Sakin layi ɗaya ya ishe su. Abin da ba wanda zai rubuta sai kai shi ne abin da ya faru a aji mai yara saba'in da kwalin kala ɗaya.

Ka nemi izinin shugaban makaranta da hukumar ilimi, a sanar da iyaye. Ka karɓi aikin yara kafin ka fara, ka koyar na mako shida ko takwas da dabarar da kake gwadawa, ka sake karɓa. Ka tsara ma'aunin maki tun kafin ka ga aikin, ka ba malamai biyu su duba ba tare da sun san wanne ne na farko wanne ne na ƙarshe ba. Sunan yaro kada ya fito a kundi.

Za a ce ka karanta Viktor Lowenfeld, wanda a 1947 ya jera matakan da zanen yara ke bi, daga jagwalgwalon layi har zuwa ƙoƙarin kamanta abu. Ka karanta, amma ka tuna yaran Turai da Amurka ya duba. Yaron da ya fara riƙe alƙalamin kara yana rubutu a allo tun yana shekara biyar, hannunsa ya bi wata hanya, kuma wannan kansa abin bincike ne. Jean Lave ta zauna da teloli a Monrobiya ta ƙasar Laberiya ta ga yadda yaron shago ke koyo daga gefe, ya fara da guga da sa maɓalli kafin a ba shi almakashi. Duk wanda ya tashi kusa da maƙera ko marina ya san wannan tsari ba tare da an ba shi suna ba. Sannan akwai iyayen da ba su son a sa 'ya'yansu zana abu mai rai, bisa fahimtarsu ta addini. Kada ka mai da wannan abin muhawara a aji. Zayyanar allo, adon hula, zanen ƙwarya, lalle da zanen bango sun isa a koyar da layi da daidaito da launi da maimaici, kuma yaran sun riga sun san su da ido.

Mataki na shida: rubutu

Ka bi tsarin babi-babi na sashenku, ba a nan ake nuna ƙirƙira ba. Amma kada ka fara da babi na ɗaya. Ka fara da babin yadda ka yi aiki, domin littafin aikinka ya riga ya rubuta maka rabinsa. Sai babin abin da ka gano, sai na waɗanda suka riga ka, gabatarwa kuma a ƙarshe, lokacin da ka san abin da kake gabatarwa.

Wurin da aka fi zamewa shi ne bayanin ayyuka. "Wannan zane yana nuna kyawun al'adunmu" ba ta gaya wa kowa komai ba. Ka ce ga abin da na so, ga kayan da na yi amfani da su, ga inda ƙullin ya saki shuni ya kutsa, ga abin da na sauya a na gaba. Ƙarƙashin kowane hoto ka sa take, kayan aiki, girma da shekara. Kalmomin sana'a ka bar su da Hausa ko da kundin da Turanci ne, ka yi masu jerin ma'ana a baya. Katsi ba shi da takwara a Turanci, in ka fassara shi da kalma ɗaya ka rage shi.

Satar fasaha ba ta tsaya ga kalmomi ba. Turnitin, manhajar gano kwafe, zai kama jimlar da ka kwafa, amma ba zai kama adon da ka ɗauko daga shafin hotuna na Pinterest ba. Malamin da ya daɗe a fanni kuwa zai gane, in ma bai gane ba wata rana mai adon zai gani. Duk abin da ka aro, na intanet ko na wata tsohuwa a unguwarku, ka faɗi mai shi.

Mataki na bakwai: baje koli da kare kundi

Ka jera ayyukan yadda tunaninka ya tafi. Ƙyallayen gwaji su zo farko da lambobinsu, har da waɗanda suka lalace, sannan manyan ayyuka, littafin aikin kuma a buɗe a kan tebur. Mai shigowa ya iya bin bango daga dama zuwa hagu ya gane tambayar da amsarta ko ba ka wurin. In sashenku ya yarda, ka gayyaci marinin da ya koya maka, ka biya masa kuɗin mota, ka ba shi kujera a gaba.

Waccan tambaya ta "me ka gano" tana nan tafe, don haka ka shirya mata jimla uku ka haddace: ga abin da na tambaya, ga abin da na yi, ga abin da ya fito. Ka ƙara ta huɗu a kan iyakar aikinka, misali cewa rami ɗaya ka gwada, a lokacin zafi kaɗai. In ka faɗi iyakar da bakinka, mai jarrabawa ba shi da sauran abin tonowa a wurin. In aka tambaye ka abin da ba ka bincika ba, ka ce, "Malam, ban kai nan ba, amma ga abin da gwajina ya nuna a kusa da shi."

Bayan an sa hannu, ka taƙaita abin da ka gano a shafi biyu da Hausa, ka wanke hotunan da ka ɗauka, ka kai karofi tare da ɗaya daga cikin zannuwan. In sakamakon ya kai a buga, ka zauna da malaminka ku fitar da muƙala ɗaya daga babin abin da ka gano, ku guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba. Littafin aikin kuwa ka ɗauki hoton kowane shafi ka adana a wuri biyu, shi kansa ka sa a leda, don gara tana son takardar da ta sha sitaci.